Yadda ƙauyenku zai shiga layin kuɗin aikin ruwa, da irin dokar da ya kamata mu nema

Shekara shida ke nan ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu, ni ne sakatare, kuma abin da zaman ga ya koya min shi ne kuɗin aikin ruwa ba wurin waɗanda sunka fi ƙishirwa yake fara zuwa ba, wurin waɗanda takardarsu ta riga isa ofis yake zuwa. Garin da ke da ɗa a ma'aikata ko a siyasa sai ka ga burtsatse biyu har uku, ga tanki a sama ga sola, amma ƙauyen da ke bayansu da tafiyar rabin awa 'yan mata na tashi tun kafin assalatu su bi layin rijiya guda, wadda in Afrilu ta kama sai an jira ruwa ya taru kafin guga ta ɗauko rabi, shi ma da laka. Abin ga yana ci min rai wallahi, shi ya sa na zauna in rubuta abin da munka bi, ko Allah ya sa wani gari ya amfana.

Bari in fara da maganar doka, don mutane da yawa na jin ta a rediyo ba su san inda ta kwana ba. A 2017 gwamnatin Buhari ta kai ƙudirin dokar albarkatun ruwa na ƙasa majalisar tarayya, lokacin Injiniya Suleiman Adamu ne ministan ruwa, kuma cikin abin da ƙudirin ya ƙunsa har da asusu na musamman don ruwan sha da tsafta. Sai rigima ta tashi, masu adawa musamman daga kudu da Binuwai sunka ce dabara ce ta miƙa wa tarayya iko da koguna da bakin koguna. Anka sake dawo da shi a 2020, anka sake a 2022 ta hannun ɗan majalisar wakilai Sada Soli na Katsina, daga ƙarshe majalisar dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023. Ni dai ba rigimar koguna ta dame ni ba, abin da ya yi min zafi shi ne maganar asusun talaka ta nutse tare da ita. To amma ruwan sha na karkara aikin jiha da ƙaramar hukuma ne tun asali, ke nan majalisar dokokin jiharmu ta Sakkwato mai mutum 30 na da ikon yin tata dokar ba sai ta jira Abuja ba. Zan dawo kan wannan a ƙasa. Kafin nan ku fara gyara gida, don ko an yi doka gobe, garin da bai shirya ba haka za a tsallake shi.

Mataki na farko, kwamiti

Kar wani ya ɗauki takarda shi kaɗai ya nufi birni da sunan gari. Ku fara da hakimi da liman da masu unguwanni, a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a zaɓi kwamitin ruwa a bainar jama'a, mutum 7 zuwa 11 sun isa. A ofisoshi sunan da sunka sani shi ne WASHCOM, ku riƙe kalmar don za a tambaye ku. Shugaba, sakatare, ma'aji, da wani matashi mai hannu da zai koyi gyara. Kuma dan Allah a sa mata, ba na cika lissafi ba, su ne sunka san wace rijiya ke fara ƙafewa da wadda ruwanta ke da gishiri, kuma masu ba da tallafi na duba wannan sosai. In akwai rugar Fulani ko 'yan gudun hijira da ke sha tare da ku, a ba su kujera tun yanzu, ya fi a zo ana faɗa a bakin famfo daga baya.

Daga nan ku yi rajista a sashen raya al'umma na ƙaramar hukumarku, ku karɓi satifiket. Ita ce mafi sauƙi kuma ta isa ga yawancin ƙofofi. In kuna hangen tallafin ƙasashen waje to sai an kai ga rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya, a matsayin amintattu, wannan ta fi tsada da ɗaukar lokaci, ku bar ta zuwa gaba. Ku buɗe asusun banki da sunan kwamiti, sa hannun mutum uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Kuɗin gari ba ya kwana a aljihun kowa ko da malamin gari ne, ba don zargi ba, don a kare mutuncinshi.

Na biyu, ku mai da kukanku lissafi

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Muna zuwa ofis mu ce yallaɓai muna cikin wahalar ruwa, to wa ba ya ciki? Jami'in ya ji wannan sau goma kafin azahar. Abin da ke tsai da shi shi ne lamba.

Ku ɗauki sati biyu ku bi gida gida. Gida nawa, mutum nawa a kowane gida, har almajirai da baƙin da sunka zauna. Ku rubuta duk wata rijiya da tuƙa-tuƙa da burtsatse da ke garin, wacce ke aiki, wacce ta mutu, tun yaushe, mi ya kashe ta. Ku sa agogo ku auna minti nawa yarinya ke yi daga fita gida, layi, zuwa dawowa. Ma'aunin da hukumomin duniya ke aiki da shi minti 30 ne, zuwa da layi da dawowa, in ya wuce haka to ba a lissafa ku cikin masu wadataccen ruwa. Ku rubuta nawa 'yan ga-ruwa ke sai da jarka da damina, nawa da bazara. Ku je wurin mai kula da asibitin garin ku roƙi adadin masu gudawa da amai da ya gani cikin shekara, ya rubuta ya sa hannu, ba sai da sunan kowa ba. Duk mun tuna 2021 da kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar ga ta kashe sama da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa, don haka takardar asibiti na da nauyi. Hedimasta shi ma ya rubuta yadda ɗibar ruwa ke hana yara zuwa aji da safe.

Sannan ku yi wanga lissafi. Manufar ƙasa kan ruwan sha da tsafta ta shekarar 2000 ta ce mutumin karkara ya samu lita 30 a rana, a tazarar da ba ta wuce mita 250 ba, kuma wurin ɗiba guda ya ɗauki mutum 250 zuwa 500. To a ce garinku mutum 1,500 ne, kuna buƙatar lita 45,000 kullum, wato jarka 1,800 mai lita 25, kuma aƙalla wurin ɗiba uku. In ɗaya gare ku, kun ga ba roƙo kuke ba, gwamnati kuke tuna wa ma'aunin da ta sa da hannunta. Ranar da munka fara karanta wa wani jami'i wanga lissafi, ajiye wayarshi ya yi ya ce a miƙo mishi takardar ya gani.

Ku ɗauki hotuna da safe lokacin layi, amma kar a ɗauki fuskar matar kowa ba da izini ba. Wani yaro mai babbar waya ya buɗe Google Maps ya ciro lambobin wurin, a rubuta su cikin takarda, don akwai ƙauyukan da sunansu ɗaya a ƙananan hukumomi daban daban, Gidan kaza da Tungar kaza ba su ƙirguwa.

Na uku, fili. Ku samo shi tun kafin kuɗi ya zo, mai shi ya rubuta cewa ya bayar wakafi, magadanshi manya su sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Kar a yarda a haƙa cikin gidan kowa ko jikin katangar wani babba, komai kirkinshi, don shi zai mutu 'ya'ya su sa ƙofa. A nisanta da masai da bola aƙalla mita 30. Ku ware wuri biyu ko uku, saboda masu awon ƙasa ne za su faɗi inda ruwa yake ba mu ba.

Na huɗu, ƙofofin da ake bugawa

Ba ƙofa ɗaya ba ce, kuma kuskure ne a zauna jiran guda.

Ta kusa ita ce kansila da ciyaman. Tun hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuna da bakin tambaya fiye da da. Gyaran tuƙa-tuƙa da yashe rijiya da ɗaure bakinta bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, kuma galibi akwai sashen ruwa da tsafta a sakatariya, ta nan takarda ke hawa sama.

Sai RUWASSA, hukumar ruwa da tsafta ta karkara ta jiha, ita ce uwar aikin ƙauye kuma da ita UNICEF ke aiki, ga shi UNICEF na da ofis a nan Sakkwato. Mutanen cikin gari kuwa, irin su Mabera da Arkilla da Gidan Igwai, naku na wajen hukumar ruwa ta jiha ne, kar ku ɓata kuɗin mota.

Sai 'yan majalisa. Muna da sanata 3, 'yan majalisar wakilai 11, na jiha 30, kuma a kasafin tarayya an saba ware naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu. Da yawan burtsatsen da 'yan majalisar tarayya ke sawa ta hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima suke biyowa, wadda hedikwatarta ke birnin Sakkwato kuma take kula da Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Katsina. Abin lura a nan lokaci ne. Kasafi ana kai shi majalisa wajen ƙarshen shekara, amma jerin ayyuka tun kafin nan ake haɗa shi, don haka takardarku ta isa hannun Onarabul tun damina na tsaka, Yuli ko Agusta. Mu kan tuna da ruwa ne a Maris in rijiya ta ƙafe, alhali a lokacin an riga an rufe littafi.

Akwai kuma shirye-shiryen Bankin Duniya. ACReSAL na dala miliyan 700 da anka amince da shi a ƙarshen 2021 ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, aikinshi farfaɗo da ƙasa da tattalin ruwa, ya dace da garin da ke fama da zaizaya ko ke son ƙaramin dam da wurin shan dabbobi. Hukumar CSDA ta jiha, mai kula da ayyukan raya al'umma, ita kuma ta saba da tsarin da al'umma ke zaɓen aikinta da kanta ta sa wani kaso. Ofishin jakadancin Japan na da tallafin ƙananan ayyukan al'umma, shi ne irin wanda ke son rajista mai ƙarfi da lissafi tsaf.

Kar kuma a raina ƙofar sadaka. Hukumar zakka da wakafi ta jiha, attajiran garinku da ke Legas ko Kano ko Fatakwal, ƙungiyoyin agaji na Musulunci. Tun zamanin Sahabbai ake wannan, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, Sa'adu ɗan Ubada ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarshi. Mai kuɗi da yawa na son yi wa iyayenshi, abin da yake tsoro kar ya bayar a cinye, to littafinku da asusunku su ne za su kwantar mishi da hankali.

Ita takardar kanta shafi ɗaya ta isa. A rubuta da Turanci don fayil, a yi ta Hausa a karanta wa jama'a a masallaci kowa ya ji abin da anka rubuta da sunanshi. Sunan gari, mazaɓa, ƙaramar hukuma, yawan mutane, abin da ke akwai, abin da kuke nema takamaimai, da abin da ku za ku sa. Wannan na ƙarshe kar ku bar shi. Waccan manufa ta 2000 ta raba kuɗin aikin karkara ne kashi 50 tarayya, 25 jiha, 20 ƙaramar hukuma, 5 al'umma, gyara kuma mafi yawanshi a wuyan al'umma yake. In babu tsabar kuɗi ku rubuta yashi, tsakuwa, leburanci, gadi. Hakimi ya sa hannu, a kai wa uban ƙasa ya ɗora nashi.

Kuma kowace takarda ku yi kwafi biyu, a buga muku sitamfi da kwanan wata a kan naku. Mun taɓa kai takarda wani ofis ba mu karɓi shaida ba, bayan wata biyar munka koma anka ce ba a taɓa ganinta ba, bazara guda ta tafi a banza, har wani dattijo cikinmu ya ce min, ɗana, daga yau ko gaisuwa ka kai ka karɓo hatimi. Ku sa mutum biyu su riƙa komawa duk sati uku, da ladabi, ba zagi ba barazana. Rediyo ma na aiki, shirin kiran waya na Rima Radio ko wata tasha, ku faɗi lambobinku ku faɗi ranar da kunka kai takarda, ba sai kun ci mutuncin kowa ba.

In aiki ya fito

Murna ba ta hana sa ido. Ku nemi sanin mi anka rubuta, tuƙa-tuƙa ne ko mai sola, tanki lita nawa, famfo nawa. Kasafin tarayya da na jiha duk ana sa su a intanet, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofis kwana 7 ya amsa wanda ya rubuto yana tambaya. Kar a kafa injin haƙa sai an yi awon ƙasa, don ƙasarmu ba ɗaya ba ce, akwai inda ruwa ke kusa kamar fadamun Rima, akwai inda sai an fasa farin dutse irin na Kalambaina an yi nisa. Ranar haƙa ku zaunar da mutum biyu su ƙirga bututun da anka zura da tsawon kowane, su rubuta. Abin da ya fi kashe burtsatse shi ne ɗan kwangila ya tsaya da ya ga ruwan farko, musamman in da damina ko kaka anka haƙa, sai bazara ta zo sumo na jan iska. A yi gwajin jan ruwa na awoyi a gabanku, a kai ruwan ɗakin gwaji. Kar shugaban kwamiti ya sa hannu a takardar kammala aiki sai ruwa na zuba, kuma ku sani galibi akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wasu watanni saboda gyara, in matsala ta fito cikin lokacin ku rubuta da wuri. Aikin mazaɓa da anka watsar kuwa, ICPC na bin sawun irinsu tun 2019, Tracka, shirin bin sawun ayyukan gwamnati na ƙungiyar BudgIT, ma na karɓar rahoto.

Daga ranar da ruwa ya zubo a fara tara kuɗin gyara, ko kan jarka ko kan gida duk wata, ko a karɓi gero da kaka a sayar. Marayu da gajiyayyu a yafe musu a rubuce. In tuƙa-tuƙa ne ku tambaya India Mark ce ko Afridev, ku san shagon da ke da kayanta a birni. In sola ce a yi mata shinge da mai gadi tun daren farko.

Yanzu maganar dokar

Duk wahalar ga da na lissafa, garin da ke da ɗan boko da kuɗin mota ne ke iya ta. Ƙauyen da ke can ƙuryar Gudu ko Tangaza, ko na Isa da Sabon Birni da rashin tsaro ya hana ɗan kwangila shiga, ko garin da 'yan gudun hijira sunka ninka mutanenshi, wa zai rubuta musu? Shi ya sa nake ganin dokar da za ta taimaki marasa galihu, in ba ta taɓa waɗannan abubuwa ba to sunanta kawai doka. A ware kaso sananne na kasafin ruwa wanda ba ya zuwa ko'ina sai garuruwan da ba su da wurin ɗiba mai kyau. A rubuta ma'aunin rashin galihu ƙarara, nisan ruwa, yawan mutane kan famfo guda, yawan cuta, baƙin da sunka yi hijira, don kar kowane mai hanya ya kira garinshi mara galihu. A yafe kashin al'umma ga wanda ba ya iyawa, ko a karɓi aikin ƙarfi a madadinshi. A ɗora wa hukuma nauyin tura jami'i ya je ya taya gari cike takarda da awon ƙasa kyauta, wannan a ganina ya fi komai, saboda nan ne talaka ke faɗuwa tun kafin a fara tsere. A yarda da takardar Hausa, har da ajami. A sa kuɗin gyaran matattun burtsatse, don tada matacce ya fi haƙa sabo araha nesa ba kusa ba. Kuma a liƙa jerin garuruwan da sunka nema da waɗanda anka ba a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin 23 ɗin jihar ga, a karanta a rediyo.

Hanyar kai wannan majalisa ba ɓoyayya ba ce. Ɗan majalisa ko gwamna ke kawo ƙudiri, a yi karatu na ɗaya, a yi na biyu inda ake muhawara, a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, a dawo karatu na uku, sannan gwamna na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kashi biyu cikin uku na majalisa na iya tabbatar da ita. Wurin shigarmu biyu ne. Na farko kafin a fara, ku haɗa kwamitocin ruwa na garuruwa goma ko ashirin a mazaɓarku ku je wa ɗan majalisarku da murya ɗaya da takarda ɗaya, a gidanshi na mazaɓa ranar da yake zaman jama'a, ku ce mishi Onarabul ba burtsatse guda munka zo roƙo yau ba, ƙudiri muke so ka ɗauka da sunanka. Na biyu ranar jin ra'ayi, ku kai takardar matsayarku ofishin akawun kwamitin ruwa kafin ranar, shafi biyu, ku nemi a ba ku minti biyar. Ku zaɓi masu magana biyu, ɗaya ya karanta lambobi, ɗaya kuma ta kasance uwa ce daga cikin matan kwamiti, ta faɗi da bakinta ƙarfe nawa 'yarta ke fita da jarka da ƙarfe nawa take dawowa. Ku tara musu kuɗin mota tun sati guda kafin ranar, kuma ku riƙe kwafin takardar mai sitamfi ku dawo da ita cikin littafin kwamiti.